Yadda ake harhaɗa Ardour daga tushe don sitidiyon waƙa a Jos

Sitidiyoyi da yawa tsakanin Bauchi Road, Anguwar Rogo da Gangare da FL Studio ko Cubase suke aiki, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne yadda aka same su: kwafi ne da aka fasa makullinsa, ya yi ta yawo a filashi daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Yana aiki har ranar da ya ga dama, galibi ranar da mawaƙi ya biya kuɗin zama yana tsaye gaban makirufo. Akwai hanyar halak wadda ba ta buƙatar dala, ita ce manhajar da masu ita suka saki tushenta, wato rubutun da aka gina ta da shi, ga kowa. A fagen ɗaukar murya da tace sauti, Ardour ce babba a cikinsu.

Paul Davis ne ya fara rubuta ta, sama da shekara 20 ke nan, kuma tana ƙarƙashin lasisin GPL. Lasisin ya ba ka damar ɗaukar rubutun da aka gina ta da shi, ka harhaɗa, wato ka sa kwamfuta ta mayar da shi manhaja mai aiki, ka gyara, ka ba wani. Amma idan wadda aka riga aka harhaɗa kake so daga shafinsu, sai ka biya wani abu, ko sau ɗaya ko wata-wata. Ta gwajin da suke bayarwa kyauta kuwa tana ɗauke sauti bayan kamar minti 10. Kuɗin ba su da yawa, sai dai biyan dala da katin naira ba kowa ke samun sauƙinsa ba. Wannan ne ke tura mutane ga tushe.

Tun yanzu zan faɗi ra'ayina. Wannan ba aikin mawaƙi ba ne, ba kuma aikin mai kaɗa fiyano ba ne. Aikin mutum ɗaya ne a sitidiyo, ko ma a unguwa, wanda baƙin allo da jajayen rubutu ba sa tayar masa da hankali. Shi zai yi wahalar, sauran su danna tambari kawai su shiga aiki. Da shi nake magana a nan.

Ka fara gwada hanya mai sauƙi

Duk bayanin nan a kan Linux yake, wato tsarin tafiyar da kwamfuta da ke zama a madadin Windows, musamman Ubuntu 24.04 ko ƙanwarta Ubuntu Studio. Harhaɗa Ardour don Windows wata duniya ce daban, kada ka soma da ita. Idan kwamfutar sitidiyo Windows ce kuma ana cin abinci da ita, kada ka taɓa ta. Nemi wata laftof, ko wani faifan ajiya daban.

A kan Ubuntu, buɗe taminal, wato baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta:

`sudo apt install ardour`

Shi ke nan, ka samu Ardour kyauta, cikakkiya, babu ɗauke sauti. Abin da kawai za ka rasa shi ne sabunta, domin wadda ke rumbun Ubuntu tana bayan sabuwar fitowa, wani lokaci da nisa. Idan ta yi maka abin da kake so, tsaya nan, ka tsallaka zuwa batun saita sauti a ƙasa. Ba a komawa tushe sai da dalili: ko an gyara wata matsala da ke damunka a sabon zubi, ko wani ya turo maka aikin da ya yi da zubin da ya fi naka sabunta, ko kana son koyon yadda abin yake daga ciki. Burga ba dalili ba ce.

Abin da za ka tanada

Laftof mai RAM na gigabait 8 ta fi, mai 4 ma za ta yi amma da haƙuri. Ka bar sararin ajiya kamar gigabait 10 don kada ya cika ana tsakiyar aiki. Sai data mai ɗan yawa, domin za a sauko da ɗaruruwan megabait, don haka tsarin dare ya fi araha. Sai wuta. Ka zaɓi lokacin da inbata ta cika ko janareto ke kunne don wani aikin. Sanyin Jos yana taimakon na'ura, amma ƙurar hunturu tana toshe fanka, to ka hure ta, ka ɗora laftof ɗin a kan tebur, ban da katifa ko darduma mai gashi. A saitin wuta na kwamfutar ka kashe barcin da take yi da kanta.

Umarni biyu za su gaya maka ƙarfin na'urarka. `nproc` zai ba ka yawan ƙwaƙwalen da ke cikin injinta, `free -h` kuma ya nuna RAM. Riƙe lambobin, za su yi amfani.

Mataki na farko: kayan gini

Ardour ba ta tsaye da ƙafarta ita kaɗai. Tana jingine da ɗimbin ƙananan manhajoji, wannan na karanta fayil ɗin sauti, wancan na ja ko matse lokaci, wani na zana allo. Kafin harhaɗawa sai an girka su duka, kuma irin da sunansu ke ƙarewa da `-dev`. A nan yawancin mutane ke sarewa, domin suna bin su ɗaya bayan ɗaya. Ba sai ka yi haka ba. Tun da Ubuntu ma harhaɗa tata ta yi, tana da jerin a ajiye, roƙonta kawai za ka yi. Amma sai ka buɗe mata ƙofar rumbun tushe tukuna:

`sudo sed -i 's/^Types: deb$/Types: deb deb-src/' /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources`

`sudo apt-get update`

Za a tambaye ka kalmar sirri. Idan kana bugawa ba ka ga ko tauraro a allo ba, haka abin yake, ci gaba ka danna Enter. Sannan:

`sudo apt-get install build-essential git python-is-python3`

`sudo apt-get build-dep ardour`

Lura da cewa `apt-get` na rubuta a nan, da gangan. Shi yana barin fayilolin da ya sauko da su a `/var/cache/apt/archives`, alhali `apt` zalla share su yake bayan ya girka. Idan ka kwashe wannan folda a filashi, na gaba da zai yi aikin a Bukuru ko Farin Gada, in dai zubin Ubuntu ɗinku ɗaya, ba zai sake ƙona data a kansu ba. Zuba su zai yi a wuri ɗaya a tasa kwamfutar kafin ya ba da umarnin.

Mataki na biyu: ɗauko tushen

`cd ~`

`git clone https://github.com/Ardour/ardour.git`

`cd ardour`

Akwai tarko a nan. A shafin GitHub, inda tushen yake ajiye, za ka ga maɓallin sauko da komai a dunƙule cikin zip. Kada ka bi ta nan. Ardour tana gane lambar zubinta ne daga tarihin git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen tushen, kuma wancan ƙunshin ba ya zuwa da tarihin, don haka ginin zai tsaya tun bai fara ba. Ko dai `git clone`, ko ƙunshin tushe da su masu Ardour suka shirya a shafinsu.

Wani abin takaicin shi ne `git clone` ba ya ci gaba daga inda ya katse. Idan sabis ya ɗauke a kashi 90 cikin 100, daga farko za ka koma. Saboda haka ka yi shi a inda sabis ke tsaye, kuma da ya kammala ka kwafi foldar gaba ɗaya a ajiye, har da ɓoyayyiyar `.git` da ke cikinta.

Abin da ka sauko da shi yanzu shi ne inda masu rubutun ke aiki yau da gobe, ba a gama gwada shi ba. Ba a ɗaukar muryar mai biyan kuɗi da irin wannan. Duba jerin zubin da aka fitar a hukumance:

`git tag`

Danna `q` ka fita daga jerin, ka zaɓi lamba mai tsabta wadda babu `pre` ko `rc` a jikinta. Misali:

`git checkout 8.12`

Git zai yi maka dogon turanci a kan cewa ba ka kan wani reshe. Ba laifi ba ne, ƙyale shi.

Mataki na uku: bincike kafin gini

Ardour na amfani da wani ɗan kayan aiki mai suna waf, yana cikin foldar, ba sai ka girka ba.

`./waf configure --optimize --with-backends=jack,alsa,pulseaudio,dummy`

Kalmar `--optimize` ita ce wadda ba a mantawa. Idan babu ita, za a gina maka irin wadda masu neman kurakurai ke amfani da ita, mai nauyi, mai cin ƙarfin inji, sai ka ɗora waƙa mai layi 30 ka ga tana shaƙewa ka ce manhajar ce ba ta da kyau. Ɗaya ɓangaren kuma yana faɗin hanyoyin da za ta bi ta yi magana da sawun kad, na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta ta kuma fitar da shi.

Layuka za su yi ta gudu, kowanne na cewa an samu abu kaza ko ba a samu ba. Ba kowane `not found` ne matsala ba, wasu abubuwan na ganin dama ne. Abin dubawa shi ne layin ƙarshe. Idan ya ce `'configure' finished successfully`, ka wuce. Idan ya tsaya da kuskure, haura sama kaɗan ka ga sunan abin da ya rasa. A ce `rubberband` ne:

`apt search rubberband`

A cikin amsar ka nemi mai `-dev`, wato `librubberband-dev`, ka girka, ka maimaita umarnin binciken. Hakan na faruwa ne saboda jerin da Ubuntu ta ba ka na tsohon zubinta ne, sabon kuma yana iya neman ƙari. Idan saƙon bai fito fili ba, cikakken bayanin yana cikin `build/config.log`, can wajen ƙarshensa.

Mataki na huɗu: ginin kansa

`./waf -j2`

Lambar da ke bayan `j` ita ce yawan fayilolin da za a harhaɗa a lokaci guda. Mutane na ganin `nproc` ya ce 8 sai su buga 8, alhali RAM ɗinsu 4 ne. Kowane fayil na C++ da ake harhaɗawa yana iya cin RAM mai yawa, to idan suka taru suka cinye, kwamfutar za ta daskare, ko ka ga saƙo mai ɗauke da `Killed` da `cc1plus`. Ma'anarsa tsarin ne ya kashe aikin don ya ceci kansa. Da RAM 4 ka tsaya a 1 ko 2, da 8 kana iya gwada 4. Idan duk da haka yana mutuwa, ara masa wuri daga faifan ajiya:

`sudo fallocate -l 4G /swapfile2`

`sudo chmod 600 /swapfile2`

`sudo mkswap /swapfile2`

`sudo swapon /swapfile2`

A gefen hagu za ka ga lambobi biyu a cikin baka, na farko yana hawa yana bin na biyu. Fayilolin sun haura dubu. A sabuwar na'ura abin ba ya daɗewa, a tsohuwar laftof ta gwanjo kuwa ka je ka yi sallah, ka ci abinci, ka dawo ka tarar bai gama ba. Kada ka buɗe burauza a kanta ana cikin haka.

Daɗin abin, wannan matakin ba ya asara. Idan wuta ta ɗauke batir ya mutu, kunna, koma foldar, sake buga `./waf -j2`, zai ɗora daga inda ya tsaya. Idan kai ne kake son tsayar da shi, Ctrl da C.

Idan kuma ya tsaya da jan rubutu wanda ba na RAM ba, kada ka kalli layin ƙarshe, wannan sanarwar rasuwa ce kawai. Haura sama har ka ga wuri na farko da aka rubuta `error:`. Wannan layin za ka kwafa ka bincika a intanet, ko ka tura wa wanda ya fi ka sani, tare da zubin Ubuntu ɗinka da na Ardour. Ka kwafi rubutun, kada ka ɗauki hoton allo da waya a karkace. Ka kuma sani cewa masu Ardour sun faɗa a fili ba sa ɗaukar nauyin taimaka wa wanda ya harhaɗa da kansa. Ban ga laifinsu ba, mutane kaɗan ne, kuma da kuɗin masu saye suke rayuwa. Idan sitidiyonka ya fara samu da ita, ka nemi hanyar tura musu wani abu.

Mataki na biyar: gwaji, sannan girkawa

Kafin ka girka, gwada ta a inda take:

`cd gtk2_ardour`

`./ardev`

Idan taga ta buɗe, rufe ta, ka koma baya da `cd ..`, sannan:

`sudo ./waf install`

Za ta zauna a `/usr/local`, kuma `ardour8` ne sunan kiranta idan zubi na 8 ka gina. Kada ka share foldar tushen, domin ranar da kake son cirewa daga cikinta za ka buga `sudo ./waf uninstall`.

Saita sauti

Manhaja ta hau, amma aiki bai ƙare ba. Linux ba ya ba kowane shiri damar shiga gaban layi, shi kuwa sauti ba ya jira. Idan bai samu injin a daidai lokacin da yake so ba, za ka ji ƙas-ƙas a cikin muryar da aka ɗauka, kuma ba ta gyaruwa. Saka kanka a rukunin masu sauti:

`sudo usermod -aG audio $USER`

Sannan buɗe wannan fayil:

`sudo nano /etc/security/limits.d/audio.conf`

Ka tabbata layukan nan biyu suna ciki:

`@audio - rtprio 95`

`@audio - memlock unlimited`

Ajiye da Ctrl da O sannan Enter, fita da Ctrl da X, ka kashe kwamfutar ka kunna. Idan `ulimit -r` ya ba ka 95, `ulimit -l` kuma ya ce `unlimited`, ya zauna. Ubuntu Studio na zuwa da yawancin wannan a shirye, shi ya sa na fi son ta ga sitidiyo.

Sawun kad na USB irin su Focusrite Scarlett da Behringer UMC ba sa neman direba a Linux, soka su kawai ake yi. Fiyanon Yamaha PSR mai kafar USB ma yawanci yana bayyana a matsayin MIDI, amma ka gwada naka kafin ka yi wa kowa alkawari. A tagar farko ta Ardour zaɓi ALSA a matsayin hanyar sauti, ka nuna mata kad ɗinka, ka sa 48000 a gudun ɗauka. Ka san cewa da ALSA, Ardour na riƙe kad ɗin ita kaɗai, don haka YouTube ba zai yi magana ta cikinsa ba sai ka rufe ta.

Sai girman bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da ake tarawa kafin a sarrafa, wanda shi ke kawo jinkiri tsakanin baki da kunne. Lissafin ba wuya: 256 a raba da 48000 ya ba da kusan kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa, 1024 kuma kusan 21. Jinkirin da mawaƙi zai ji ya fi haka, domin sautin shiga zai yi ya fito. Lokacin ɗaukar murya ka sa 128 ko 256, lokacin tacewa da ka tara kayan gyaran sauti a kan layuka ka ɗaga zuwa 1024. Idan na'urar ba ta jure ƙaramar lamba, danna maɓallin saurare kai tsaye da ke jikin kad ɗin, mawaƙi ya ji kansa ba tare da muryar ta bi ta kwamfuta ba.

Tambayar da furodusa zai fara yi maka

"Ina ototun?" Waƙar Hausa ta zamani ba ta rabuwa da wannan mai daidaita murya, kuma gara ka faɗi gaskiya tun wuri: fulogin ɗin Windows da ya saba da su, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ɗorawa a kan layi, ba sa hawa kai tsaye. Akwai masu tilasta su ta Wine da yabridge, manhajojin da ke sa kayan Windows aiki a Linux, amma wannan wani karatun ne, kuma sabuntawa ɗaya na iya rusa shi. Ga na gida:

`sudo apt install x42-plugins lsp-plugins zam-plugins`

A cikin x42 akwai mai daidaita murya da ake kira fat1, wanda aka gina a kan aikin Fons Adriaensen. Kana zaɓa masa sautukan da waƙar ke tafiya a kansu, ka ƙara masa saurin gyara idan kana son muryar ta yi ƙarfe-ƙarfe. Ba zai yi daidai da wanda kunnen furodusa ya saba da shi ba, ka bar shi ya zauna da shi ya ji da kansa. LSP kuma na da kwamfuresa da ikwalaiza masu kyau ƙwarai.

A ganina inda Ardour ta fi ƙarfi shi ne ɗaukar abu mai rai: murya da amshi, kalangu, gurmi, ƙungiyar mawaƙan coci, masu bege, karatun littafi, sautin fim. Wanda duk kiɗansa a FL Studio yake haɗawa, kada ka ce ya bari. Ya fitar da kiɗan a WAV, a ɗauki murya a Ardour, a mayar masa da kowane layi daban ta `Stem export` da ke ƙarƙashin `Session` da `Export`.

Akwai waɗanda wannan hanya ba ta yi musu adalci ba. Allon Ardour babu Hausa, ko da yake fayilolin fassara suna nan cikin `gtk2_ardour/po` ga mai niyya. Makaho kuma, ga shi muna da makafi masu waƙa da kiɗa, manhajar karanta allo ba ta yi masa jagora sosai a cikinta. Abin da makafi suka fi amfani da shi shi ne manhajar sauti ta Reaper tare da OSARA da NVDA, masu taimaka musu da karanta allo, a kan Windows. Idan irinsa ne ya zo maka, can za ka nuna masa.

Miƙa ta ga masu aiki

Kada ka bar mawaƙi da taminal. Yi masa tambarin dannawa:

`nano ~/.local/share/applications/ardour-sitidiyo.desktop`

Ka rubuta wannan a ciki, kowanne a layinsa:

`[Desktop Entry]`

`Type=Application`

`Name=Ardour Sitidiyo`

`Exec=/usr/local/bin/ardour8`

`Categories=AudioVideo;Audio;`

Zai fito a jerin manhajoji, ka manna shi a sandar allo. Daga nan buɗe sabon aiki, ka shirya layin kiɗa, layin jagorar murya, layuka biyu ko uku na 'yan amshi, ka ɗora ototun da kwamfuresa inda suka dace, ka sa musu sunaye da Hausa, ka ajiye shi da `Save Template`. Duk wanda ya zo zai buɗe wannan ne ya tarar da komai a jere. Koya masa abubuwa kaɗan: jan maɓallin da ke kan layi yana shirya shi don ɗauka, Shift da R na shirya ɗaukar gaba ɗaya, sandar tazara na tayarwa da tsayarwa, Ctrl da S na ajiyewa. Na ƙarshen nan ya zama masa jiki saboda wuta.

Idan sabon zubi ya fito, kada ka sabunta ana tsakiyar aikin wani. Bari a gama, a kwafi foldodin waƙoƙin a wani faifai, domin aikin da sabon zubi ya taɓa ba lallai tsohon ya sake buɗe shi daidai ba. Sannan ka shiga foldar tushen, ka cire tsohuwar da `sudo ./waf uninstall`, ka buga `git fetch --tags`, wanda sabon abin da aka ƙara kawai zai sauko da shi, ka yi `git checkout` zuwa sabuwar lambar, ka maimaita daga mataki na uku. Idan babbar lambar ce ta canza, ka gyara layin `Exec` a fayil ɗin tambarin ya dace da sabon sunan.